Manhajar Karatu da Lissafin Manya ta Ingila: Me Take Tsinana wa Mai Tsara Manufofin Koyo?

Kundi biyu ne, ɗaya na karatu da rubutu da magana, ɗaya na lissafi. Hukumar Basic Skills Agency ce ta fitar da su a 2001 ƙarƙashin shirin gwamnatin Ingila mai suna Skills for Life, aka raba wa malaman ajin manya kyauta. Duk da cewa jarrabawar da aka ɗora a kansu ta kau tuntuni, malamai ba su daina leƙa su ba, don da wuya a sami wata takarda da ta fasa "iya karatu" da "iya lissafi" zuwa ƙananan gaɓoɓi dalla-dalla kamar yadda suka yi. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: manhajar tana da matuƙar amfani ga wanda ya riga ya san abin da ɗalibinsa yake son iyawa, yana neman yadda zai yanka shi gunduwa-gunduwa. Wanda kuwa ya buɗe shafi na ɗaya da niyyar bi har ƙarshe, zai wahalar da kansa, ya kori ɗalibansa.

Asalinta rahoton kwamitin Sir Claus Moser ne na 1999, wanda ya ce kusan babba ɗaya cikin biyar a Ingila, wajen mutum miliyan 7, yana fama da matsalar karatu da rubutu. Misalin da ya fi yawo daga rahoton shi ne cewa irin wannan mutum, idan aka ba shi jerin sunayen sana'o'i na littafin lambobin waya, ba zai iya gano shafin masu gyaran famfo ba. A 2000 aka fitar da ma'aunin ƙasa, wato taƙaitaccen bayanin abin da ake sa ran babba ya iya a kowane mataki. Manhajar ta zo ne ta faɗaɗa wannan ma'auni, ta ce ga abin da za a koyar kafin a kai can.

Matakan biyar ne. Uku na ƙasa ana kiransu matakan shiga, Shiga 1, Shiga 2 da Shiga 3, sai Mataki na 1 da Mataki na 2 a sama. A kwatancen da aka saba yi, Shiga 1 ya yi daidai da abin da ake sa ran yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 ya iya, Shiga 2 ɗan 7 zuwa 9, Shiga 3 ɗan 9 zuwa 11, Mataki na 2 kuma daidai da kyakkyawan sakamako a jarrabawar GCSE ta 'yan shekara 16. Wannan kwatance na masu tsara kasafi ne. Kada malami ya kuskura ya furta shi a gaban magidancin da ya zo aji, don babu wanda zai dawo mako na gaba bayan an ce masa karatunsa na ɗan shekara bakwai ne.

An kasa karatu da rubutu kowanne gida uku: nassi gaba ɗayansa, jimla, da kalma. Wannan rabo aro ne daga tsarin koyar da karatu na makarantun firamaren Ingila na 1998. Magana da sauraro ma gida uku ne: saurara ka amsa, yi magana don isar da saƙo, shiga tattaunawa. Lissafi kuma ya ƙunshi lambobi, awo da siffofi, da sarrafa bayanai irin na jadawali da zane. Kowace gaɓa tana da lambarta. Rw/E2.1, alal misali, ita ce gaɓa ta farko ta karatun kalma a Shiga 2, kuma abin da take nufi shi ne gane kalmomin da ke kan fom game da mutum kansa: sunan yanka, sunan iyali, adireshi, shekaru, ranar haihuwa. Ws/E1.2 kuma ita ce fara jimla da babban baƙi a rufe ta da aya. A shafin hagu za ka ga gaɓar da abin da ɗalibi ke buƙatar sani kafin ya iya ta, a shafin dama kuma misalan ayyukan aji.

Inda ta fi burgewa shi ne yadda take nuna hawa-hawar abu guda. Ɗauki jerin abacada. A Shiga 1 mutum ya gane baƙaƙe manya da ƙanana. A Shiga 2 ya jera kalmomi da harafin farko. A Shiga 3 ya jera su da harafi na farko da na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ke buɗe masa ƙamus da jerin sunaye. Malamin da bai taɓa lura da wannan tazara ba zai miƙa wa ɗalibi ƙamus, ya ga ya ɓace a cikin shafukan da suka fara da harafi ɗaya, ya ɗauka rashin natsuwa ne. Haka lissafi: lambobi har 10 a Shiga 1, har 100 a Shiga 2, har 1000 a Shiga 3. Rabi da kwata suna Shiga 2. Lamba mai ɗigo da gurbi biyu, irin ta kuɗi, tana Shiga 3, tare da raba lamba mai gurbi biyu da sanin abin da za a yi da ragowa. Kaso cikin ɗari da lambar da ke ƙasa da sifili, kamar ta ma'aunin sanyi, sai Mataki na 1. Agogo ma an bi shi haka: lokutan yini da ranakun mako tukuna, sannan awa da rabin awa da kwata, sannan minti biyar-biyar.

To yaya ake fitar da manufar koyo daga cikinta? Hanyar da ke aiki daga ɗalibi take farawa, kundin yana rufe.

A zauna da shi minti ashirin zuwa talatin, ba takardar gwaji a gabansa. Tambayar "me kake son koya?" ba ta haifar da komai sai "karatu" ko "in gyara rubutuna". Tambayoyin da ke fito da gaskiya su ne: wace takarda ce ta zo hannunka a makon nan har ka nemi wani ya karanta maka? Wane aiki kake kauce wa a wurin sana'a don akwai rubutu a ciki? Wa kake ba wayarka ya duba maka saƙo? Daga nan a roƙe shi ya kawo ainihin takardar a zama na gaba.

A ce wata uwa ta kawo kwalbar maganin ɗanta da kwalin nata maganin, ta ce tana son ta riƙa karantawa da kanta. Yanzu ne za a buɗe manhajar, a bi takardar layi-layi ana tambaya: me mutum yake buƙatar iyawa kafin ya fahimci wannan? Gane sunanta da na ɗanta a kan takardar da aka manna, don kada a musanya, Shiga 1 ne. Lambobin "2" da "3" a cikin "ƙwaya 2 sau 3 a rana", Shiga 1. Bin umarni a jere, kamar girgiza kwalba kafin a zuba, Shiga 2. Karanta ranar ƙarewar aiki da aka rubuta 03/2027, a gane cewa 03 wata ne ba rana ba, Shiga 2. Lissafin ko ƙwaya 30 za su kai kwana biyar, wato 2 sau 3 sau 5, ya taɓa Shiga 2 da Shiga 3. Bambanta 2.5ml da 25ml, Shiga 3 ne, kuma shi ne mafi haɗari a takardar duka. Laluben sashen gargaɗi a doguwar takardar da ke cikin kwali ba tare da karanta ta daga sama har ƙasa ba, Shiga 3. Ga takarda guda ƙarama ta ratsa matakai uku da kundi biyu. Ba mu san wani kayan aiki da zai ba malami wannan jerin cikin rabin awa kamar manhajar nan ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye ta kusa.

Sai a gwada kowace gaɓa da takardar kanta, a ware uku: wadda ta iya, wadda take iyawa idan an ɗan taimaka, da wadda ba ta taɓa ba. Manufofin farko daga rukuni na biyu ake ɗaukarsu, don su ne za su ba da sakamako cikin 'yan makonni, sai dai idan akwai ta haɗari a rukuni na uku, kamar batun ɗigon nan, wadda dole a shigo da ita gaba. Biyu ko uku sun isa. Kowacce a rubuta ta da kalmomin da ɗalibar za ta iya karantawa ko ta maimaita da bakinta, ta ƙunshi aikin da za a yi, da abin da za a yi shi a kai, da yadda za a san an iya, da ranar dubawa. Misali: "Zan karanta yawan magani da sau nawa ake sha a kan kwalabe biyar daban-daban, ba mai taimaka min, in yi daidai a duka biyar, nan da mako shida." A lura an ce duka biyar. A rubutun wasiƙa ana iya yarda da huɗu cikin biyar, amma ba a awon magani ba. Lambar gaɓar manhaja a gefe ake rubuta ta da ƙaramin rubutu, don amfanin malami da ofis.

Ranar dubawa tsakanin mako huɗu da shida ta fi dacewa ga mai zuwa aji sau ɗaya ko biyu a mako. Ƙasa da haka, abin da za a auna tunawa ce kawai ta darasin jiya. Fiye da haka, ɗalibi ya manta da cewa akwai wata manufa. Kuma a duba da sabuwar kwalba wadda ba a yi darasi da ita ba, don manya sun ƙware wajen haddace takardar da suka gani sau uku.

Abin da ya faru da manhajar a ƙasarta darasi ne ga duk mai son ɗaukarta. An wajabta wa kowane ɗalibi takardar shirin koyo ta kansa, aka ce manufofin su kasance ƙayyadaddu, masu aunuwa, masu lokaci, kuma a danganta su da lambobin manhaja. Masu duba makarantu da masu ba da kuɗi suna neman ganin takardun. Sai aikin ya juye: malami mai ɗalibai goma sha biyu da awa biyu ya buɗe kundin, ya kwafo gaɓoɓi, ya ba ɗalibi ya sa hannu. Mary Hamilton ta Jami'ar Lancaster ta yi nazari a kan wannan, ta nuna yadda takardar ke sa a mayar da burin ɗalibi zuwa harshen hukuma har ya daina zama nasa. Ana gane irin wannan takarda da kallo ɗaya. Za ka ga an rubuta wa direban babbar mota "amfani da sifa a cikin jimla", alhali abin da ya kawo shi shi ne cike rahoton lalacewar kaya. Laifin ba duka na manhajar ba ne, amma tsarin lambobinta ya sauƙaƙa wannan ha'inci ƙwarai.

Matsala ta biyu ita ce kalmar mataki kanta. Manya ba sa tsayawa a mataki ɗaya. Wanda ke karatu a Mataki na 1 yana iya rubutu a Shiga 2. Kafinta na iya auna katako da lissafin faɗi da tsawo a ka, ya kasa rubuta 1,005 don bai san inda sifili ke zama ba. Manhajar ta amince da wannan a gabatarwarta, amma da yake jarrabawa da kuɗi a kan mataki guda ake ba da su, sai a ɗauki gwajin farko a tara maki, a ce wane "ɗan Shiga 3 ne", a zuba shi aji. Sakamakon: rabin lokacinsa ana koya masa abin da ya sani, rabi kuma ana tsallake ramin da ya kawo shi. Maganin shi ne a rubuta matakin karatu daban, na rubutu daban, na lissafi daban, kuma a lissafi a raba abin da yake iyawa a ka da abin da yake iyawa a takarda.

Shiga 1 kuma ya yi faɗi da yawa. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba da wanda ke iya karanta gajeren saƙo duk a nan suke, alhali tsakaninsu akwai watanni na aiki: riƙon biro, bin layi daga hagu zuwa dama, gane cewa tazara ce ke raba kalma da kalma, haɗa baƙi da wasali. An fitar da wani kundi na ƙasa da matakin shiga a 2002 mai zango takwas, sai dai an tsara shi ne musamman don masu naƙasar koyo, bai dace da lafiyayyen babba mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda makaranta ce kawai bai samu ba. Mai koyar da irin waɗannan dole ya yanka Shiga 1 da kansa zuwa ƙananan manufofi, irin su rubuta suna ba tare da kwafa ba, ko gane baƙaƙe goma da sautinsu.

Sashen magana da sauraro shi ne mafi rauni. Ga wanda harshen nasa ne, gaɓoɓin matakan shiga abubuwa ne da yake yi tun yana yaro, kuma sanya su a matsayin manufa raini ne. Sai daga Mataki na 1 suke fara amfani, inda ake maganar bayani a tsare da karɓar suka a taro.

Akwai kuma batun lokaci, wanda manhajar ta yi shiru a kansa. Ba ta faɗi awa nawa gaɓa ko mataki ke ci ba. Binciken cibiyar NRDC, wadda aka kafa a 2002 don nazarin karatu da lissafin manya, ya nuna cewa hawa mataki ɗaya na iya cin awa 150 zuwa 200 na koyo. Mai zuwa aji awa biyu a mako na mako talatin awa 60 kawai yake samu a shekara. Don haka rubuta "zai kai Shiga 3 a ƙarshen zango" ga wanda ke farkon Shiga 2 alkawari ne da ba zai cika ba, kuma ɗalibi kansa zai ɗora wa laifi. Manufa ta aiki guda, kamar ta kwalbar magani, ita ce ake iya cimmawa a mako shida.

Lambobin ƙasa ma sun nuna haka. Gwamnati ta sa burin mutum 750,000 su sami takardar shaida zuwa 2004, miliyan 1.5 zuwa 2007, miliyan 2.25 zuwa 2010, kuma an cimma na ƙarshen kafin lokaci. Amma kaso mai yawa na waɗanda aka ƙirga matasa ne 'yan 16 zuwa 18 da ke kwaleji. Jarrabawar ƙasa ta wancan lokacin ta Mataki na 1 da na 2 kuwa tambayoyi 40 ne na canki-canka, ba a rubuta ko jimla ɗaya, don haka mutum na iya cin jarrabawar "karatu da rubutu" ba tare da an ga rubutunsa ba. Da aka sake binciken ƙasa a 2011 aka kwatanta da na 2003, waɗanda suka kai Mataki na 2 a karatu sun ƙaru daga kashi 44 zuwa 57 cikin ɗari, amma na matakan shiga kusan suna nan inda suke, daga 16 zuwa 15, lissafi kuma bai ci gaba ba. Na kusa da Mataki na 2 aka tura suka haye, na can ƙasa, waɗanda dominsu aka fara shirin, ba su motsa sosai ba.

Wanda ke shirya ɗalibai don jarrabawar Ingila ta yau ya sani cewa kundin ya tsufa. Tun 2012 jarrabawar Functional Skills ta maye gurbin tsohuwar, aka sake mata fasali a 2019. Sunayen matakai biyar ɗin suna nan, amma abin da ke cikinsu ya sauya: lambobi a Shiga 1 yanzu har 20 ne, a Shiga 2 har 200. An shigo da jerin kalmomin da dole a iya rubutawa a matakan shiga, an hana ƙamus a jarrabawar rubutu, lissafi kuma yana da sashen da ba a taɓa kalkuleta. Duk wanda ya dogara da iyakokin 2001 zai tura ɗalibi jarrabawa da giɓi. Fasahar zamani ma kusan babu ita a kundin. Sai a haɗa da ma'aunin ƙwarewar na'ura na 2019, mai sassa biyar: sarrafa na'ura da bayanai, ƙirƙira da gyara, sadarwa, hada-hada ta intanet, da kare kai. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, don yawancin fom da saƙonnin da babba ke fama da su yanzu a fuskar waya suke, inda ake buƙatar sanin wurin latsawa kafin a kai ga karatun.

Ga mai koyarwa da wani harshe ba Ingilishi ba, kundin ya rabu biyu. Sashen nassi, da yawancin sashen jimla, da kusan duk lissafi, suna ɗaukuwa, in an sauya fam da kobon Ingila da ma'aunan mil da inci da abin da ɗalibi ke amfani da shi. Sashen kalma kuwa ba ya ɗaukuwa. An gina shi ne a kan wahalar rubutun Ingilishi, inda sauti ɗaya ke da rubutu iri-iri, shi ya sa koyon ƙa'idar rubuta kalma ya miƙe har Mataki na 2. A harshen da ake rubuta shi kusan yadda ake furta shi, wannan aiki yana ƙarewa da wuri, wahalar ta koma wani wuri, kamar raba kalmomi da saurin karatu. Wanda ya fassara wannan sashe kai tsaye zai ɓata makonni a kan matsalar da ɗalibansa ba su da ita.

Wa ya kamata ya nemi manhajar? Mai horar da sababbin malamai, don babu abin da ya fi ta nuna wa sabon malami cewa "cike fom" ba fasaha ɗaya ba ce, guda bakwai ce ko takwas. Mai tsara shirin karatu a wurin aiki, wanda zai ɗauki takardun kamfani ya gano matakin da kowacce ke buƙata. Da malamin da ɗalibinsa ya tsaya cak ya rasa dalili: ya koma gaɓar da ke mataki ɗaya ƙasa a layi guda, sau da yawa a nan ramin yake. Mai neman jadawalin darasi na mako-mako ba zai same shi a ciki ba, misalan ayyukan shafin dama kuma da yawansu sun tsufa, na zamanin takardar cak da littafin lambobin waya ne, sai an musanya su da takardun da ɗalibai suka kawo da hannunsu.